Muhawara: Rainon itatuwa daga iri domin cike makonnin yunwar ƙudan zuma

Malam Haruna:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwon zuma. Akwai wasu makonni a cikin shekara da duk mai amya ya san su, ko da bai taɓa ƙidaya su ba, wato lokacin da ƙasa take kore shar amma ƙudan zuma ba su da abin da za su ɗebo. Alamun ba sa ɓuya. Zirga-zirga a bakin amya takan ragu, ƙudan su ƙara zafin rai, amya mai ƙarfi ta riƙa kai wa mai rauni hari tana kwashe mata zuma, sarauniya ta rage saka ƙwai, wani lokaci ma taron gaba ɗaya ya tashi ya bar saƙa babu kowa. A ƙasashe masu sanyi wannan giɓi yakan faɗo ne a lokacin zafi, bayan furannin farkon shekara sun kaɗe, daga wajen Yuni zuwa Agusta. A ƙasashe masu zafi masu damina ɗaya kuwa, yawancin manyan itatuwa da rani da bazara suke yin huda, saboda haka tsakiyar damina ce takan zama lokacin ƙunci, ga ruwan sama yana wanke ɗan furen da ya rage, yana kuma hana ƙudan fita.

Abin da nake so mu tattauna shi ne cike wannan giɓi da itatuwan da mu da kanmu muka raina daga iri. Bishiyar da ta girma tana ɗauke da dubban furanni a kan ɗan filin da inuwarta ta rufe, saiwarta tana kaiwa ga danshin da ciyawa ba ta isa gare shi ba, kuma ba a sake shuka ta kowace shekara. Ra'ayina shi ne kada mutum ya fara da tambayar wace bishiya ce ta fi ba da zuma. Ya fara da sanin makonnin da ƙudansa ke jin yunwa, sa'an nan ya nemi bishiyar da ke huda a daidai waɗannan makonni. Ina neman gyara daga waɗanda suka fi ni sani.

Alhaji Ɗanlami:
Wa alaikumus salam, Malam Haruna. Batun yunwar gaskiya ne, amma maganin da ka kawo yana da nisa ƙwarai. Ma'aikaciyar zuma a lokacin aiki ba ta wuce kimanin mako shida a duniya, kai kuma kana magana a kan bishiyar da za ta shekara goma ko fiye kafin ta buɗe furenta na farko. Kaɗanyar da aka shuka daga ƙwallo takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Tilia, wata bishiyar ƙasashe masu sanyi wadda masu kiwon zuma na Turai da Amurka suke ji da ita, ita ma tana kaiwa wajen shekara 15. Kafin wannan lokaci amya nawa ce za ta mutu ko ta tashi? A ganina, wanda ƙudansa ke cikin yunwa a bana ya ba su ruwan sukari, ya kuma shuka abin da ke fure cikin wata biyu, irin su riɗi da kabewa. Shuka itace sadaka ce mai gudana, ban musa ba, amma kada mu gaya wa sabon mai kiwo cewa da shi zai ceci amyarsa.

Hajiya Rabi:
Alhaji, ka yi haƙuri in ce ka ɗauko mafi jinkiri guda biyu ka auna dukan itatuwa da su. Zogale yana fure a shekararsa ta farko, sau da yawa cikin wata shida zuwa takwas, kuma inda yake samun danshi yakan daɗe yana fure. Magarya da bishiyar turare sukan fara cikin 'yan shekaru kaɗan idan sun sami kulawa. Tetradium, wadda asalinta ƙasar Sin da Koriya ne, tana huda a Yuli da Agusta, a daidai tsakiyar giɓin ƙasashe masu sanyi, kuma ba ta daɗewa kamar Tilia. Tsamiya ce ke neman shekara bakwai zuwa goma ko fiye. Mai hankali ba ya zaɓar ɗaya ya bar saura. Yana shuka masu sauri da masu jinkiri a shekara guda, masu saurin su riƙe ƙudan har masu jinkirin su iso.

Game da ruwan sukari kuwa, akwai abin da ba ya iya yi. Sukari yana ba ƙuda ƙarfin tashi, amma ba da shi ake gina jikin 'ya'ya ba. Abin da ke gina su shi ne garin fure, domin a cikinsa ne sinadarin gina jiki da maiƙo suke, kuma da shi ne ƙudan da ke reno suke samar da abincin tsutsotsi. Daga ƙwai zuwa cikakkiyar ma'aikaciya kwana 21 ne, sa'an nan takan yi kimanin wasu makonni uku tana aikin cikin amya kafin ta fara fita kiwo. Ma'anar haka ita ce ƙwan da sarauniya ba ta saka yau ba saboda rashin garin fure, sai bayan kimanin mako shida za a ga giɓinsa a bakin amya. Idan babban fure ya buɗe a wannan lokaci, sai ya tarar da amya ba ta da isassun ma'aikatan da za su ɗebo shi. Da yawa daga cikinmu sukan ɗora laifin ƙarancin zuma a kan lokacin girbi, alhali tun makonni shida baya aka yi asarar.

Alhaji Ɗanlami:
Hajiya, batun garin fure na karɓa, domin gani ya kori ji, duk wanda ya buɗe amya a lokacin yunwa ya ga yadda wurin 'ya'ya ke ƙanƙancewa. Amma har yanzu ina da tambaya. Bishiya nawa mutum zai shuka kafin amya ta san an yi wani abu? Ƙudan zuma ba a tsakar gida suke kiwo ba.

Dakta Safiya:
Tambayar Alhaji tana da nauyi, kuma akwai binciken da ya taɓa ta kai tsaye. Kun san ƙudar da ta samo fure takan dawo ta yi rawa a kan saƙa, rawar da ke nuna wa 'yan'uwanta nahiyar da za su bi da nisan wurin. Karl von Frisch ne ya warware ma'anar wannan rawa, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1973. A Jami'ar Sussex ta Ingila, Margaret Couvillon da Francis Ratnieks da abokin aikinsu sun karanta irin wannan rawa sama da 5,000 cikin shekara biyu, suka wallafa sakamakon a 2014. Sun tarar cewa a farkon shekara, lokacin da furanni suke ko'ina, matsakaicin nisan kiwo bai kai mita 500 ba, amma a lokacin zafi ya haura kilomita biyu, sa'an nan da kaka ya sauko wajen mita 1,300. Ƙuda ba ta yin nisa don sha'awa, saboda haka rawar da kansu suke yi ce ta nuna cewa a can lokacin zafi ne abinci ya fi wuyar samu, duk da cewa a ido shi ne lokacin da ƙasa ta fi kyan gani.

Yanzu ga lissafin da ke goyon bayan Alhaji. Da'irar da ke da nisan kilomita biyu daga amya ta kowace fuska ta ƙunshi hekta fiye da 1,200. Thomas Seeley na Jami'ar Cornell ya ƙiyasta cewa amya guda a yanayi mai sanyi tana tara kimanin kilo 20 na garin fure da kilo 120 na ruwan zaƙin fure a shekara. Wanda ya shuka bishiya biyar a bayan amyoyinsa ya sa ran cika duro da zuma zai sha mamaki. Amma a lokacin giɓi ba cika duro ake nema ba. Abin da ake nema shi ne wani abu ya ci gaba da shigowa amya kowace rana, ko da kaɗan ne, domin sarauniya ta ci gaba da saka ƙwai, taron kuma ya ƙi tashi. A wannan lokaci bishiya goma masu fure kusa da amya suna da ƙimar da ba su da ita a lokacin yalwa, tun da abin da ƙuda za ta ƙona a tafiyar kilomita biyu ya zama riba.

Wani abin kuma shi ne a shuka iri ɗaya a tare, ba a warwatse ɗaya nan ɗaya can ba. Ƙudar zuma takan tsaya a kan fure iri ɗaya a fita guda, kuma wurin da ya fi yalwa shi ake yi wa rawa sosai.

Malam Haruna:
Na gode, Dakta. Wannan lissafin hekta shi ne ma babban dalilin da ya sa na ce daga iri. Idan ana bukatar itatuwa ɗari biyu ko uku a warwatse cikin gonaki da bakin hanyoyi da iyakokin filaye, mutum ɗaya ba shi da wannan fili, amma yana iya rainon dashen a ɗan lungu ya raba wa maƙwabtan da ke cikin da'irar da ƙudansa ke kiwo. Ƙuda ba ta san iyakar gona ba. Maƙwabcin ya sami inuwa da 'ya'yan itace da barbarar amfanin gonarsa, mai amya kuma ya sami fure. Shawara ta ƙarshe a kan wannan ita ce kowa ya ajiye ɗan littafi na shekara guda, duk mako ya rubuta abin da ke fure a kewayensa da kuma ko ƙudan suna shigowa da gari a ƙafafunsu. Makonnin da shafin ya zauna babu rubutu su ne za su gaya masa irin da zai nema.

Malama Zulai:
Ina biye da ku, iyayena, kuma ina ƙaruwa. Ni sabuwa ce a wannan harka, tambayata kuma a kan tsirowar irin ce. Me ya sa wani iri yake fitowa cikin mako guda, wani kuma a yi ta ba shi ruwa wata da watanni shiru, in aka tono shi a same shi kamar yadda aka binne shi? Shin irin ne ya mutu, ko kuwa akwai abin da ake yi masa kafin a shuka?

Baba Isuhu:
'Yata Zulai, a nan ne gizo ke saƙa, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa suke karaya. Irin da aka tono aka same shi da tauri kamar yadda aka binne shi, yawanci bai mutu ba, ruwa ne bai shige shi ba. A wurin mai reno, irin itace mai ba da wahala kashi uku ne, kowanne da abin da yake so, kuma abin da ke tayar da wani shi ne ke kashe wani.

Kashi na farko masu taurin ɓawo ne, galibi dangin wake, irin su gawo da bagaruwa da ɗorawa da wata bishiyar ƙasashe masu sanyi mai suna Robinia. Ɓawonsu ba ya barin ruwa ya ratsa, shi ya sa suke iya shekaru a cikin ƙasa. A daji, cikin dabba ne ko zafin gobara ko daɗewa ke lalata ɓawon. Mu kuma muna da hanya biyu. Idan irin kaɗan ne, sai a goga kowace ƙwaya a kan samfefa ko a ɗan ɓalle gefenta da abin yanke farce har a hango launin ciki, a gefen da ke nesa da cibiyar ƙwayar, domin kusa da cibiyar ne saiwa za ta fito. Idan yana da yawa, sai a tafasa ruwa, a sauke shi daga wuta, a zuba a kan irin, a bar shi ya huce a ciki ya kwana. Ba a dafa iri a kan wuta. Da safe waɗanda suka kumbura a shuka su nan take kada su bushe, waɗanda ba su kumbura ba kuma a sake yi musu. Ɗakwara da tsamiya ɓawonsu bai kai wannan tauri ba, jiƙo a ruwan sanyi na kwana ɗaya yakan ishe su, musamman sabon iri. Magarya da kurna kuwa ainihin irin yana cikin ƙwallo ne, sai a fasa ƙwallon a hankali a ciro shi ba tare da an murƙushe shi ba, tsirowar za ta fi sauri nesa ba kusa ba.

Kashi na biyu su ne na ƙasashe masu sanyi waɗanda ba sa farkawa sai hunturu ya ratsa su suna cikin danshi. Allah ya yi su haka ne domin kada su tsiro da kaka ƙanƙara ta kashe su. Ana haɗa su da yashi mai ɗan danshi, wanda in an matse shi ruwa ba ya ɗiga, a ɗaure a leda a sa a firiji mai sanyin digiri 1 zuwa 5 na wata biyu ko uku, ba a ɓangaren da ke daskarar da ruwa ba. A riƙa dubawa, duk wanda ya fara fito da saiwa a cire shi a shuka. Koelreuteria, mai furanni rawaya a tsakiyar lokacin zafi, tana son a goge ɓawon sa'an nan a sa ta a sanyi. Tilia ta fi kowa taurin kai, domin ta haɗa ɓawo mai tauri da barcin ciki, tana iya shekara biyu ko uku a ƙasa kafin ta motsa. Masu renonta sukan ba ta watanni a yashi mai ɗumi kafin watannin sanyi, ko kuma su tsinke 'ya'yan daidai lokacin da suka fara juyawa daga kore, kafin ɓawon ya gama ƙeƙashewa, su shuka nan take.

Kashi na uku su ne masu mutuwa idan an ajiye su. Irin darbejiya yana rasa ransa cikin 'yan makonni, ƙwallon kaɗanya kuma bushewa ce ajalinsa. Waɗannan daga gindin bishiya sai ƙasa, a wanke naman 'ya'yan a shuka. Kaɗanya tana da wata ɗabi'a da ke yaudarar mutane, wato takan fara tura saiwa ƙasa ta daɗe kafin ta nuna ganye a sama, saboda haka kada a tone ta don ganin shiru.

Zogale ba ya neman komai, cikin mako ɗaya ko biyu ya fito. Irin turare kuwa kamar ƙura yake don ƙanƙanta, ana barbaɗa shi ne a saman ƙasa mai laushi a ɗan yayyafa masa yashi, a ba shi ruwa da feshi.

Malama Zulai:
Allah ya saka da alheri, Baba. Yaya zan gane iri mai kyau tun kafin in sha wahalar jiƙa shi, kuma zurfin nawa ake binnewa?

Baba Isuhu:
Amin, 'yata. Ki fara da ido. Duk ƙwayar da ke da ɗan rami zagayayye, ƙwaro ya riga ya cinye cikinta, kuma wannan ya yawaita a gawo da bagaruwa, musamman waɗanda aka tsince a ƙasa bayan sun daɗe. Ki zuba sauran a ruwa, masu tasowa sama yawanci fanko ne, amma wannan gwaji na iri mai nauyi ne, ba ya aiki ga mai fiffike irin zogale. Idan kina shakka, ki yanka ƙwaya goma ki duba, mai rai cikinta a cike yake, fari ko ruwan ƙwai. Zurfi kuwa, kimanin ninki biyu na kaurin ƙwayar ya isa. Binnewa da zurfi da yawan ruwa sun fi ƙishirwa kashe tsiro. Idan kika ga tsiron ya sirance a daidai inda ya taɓa ƙasa ya kwanta, naman gwari ne ya kama shi saboda laima da rashin iska, kuma wanda ya kwanta ba ya tashi. A gauraya ƙasar reno da yashi da ruɓaɓɓen taki domin ruwa ya riƙa tsiyayewa, a ba da ruwa da safe, kada a cunkushe tsiron.

Bashir:
Ina gaida manyana. Tun da sauri muke nema, me zai hana mu nemi itatuwan da aka riga aka tabbatar da su a wasu ƙasashe? Na karanta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dazuzzukan Hangari Robinia ce, kuma zumarta fara tas ce da ake nema a duk Turai. Akwai kuma Prosopis, wata bishiya mai ƙaya wadda ke tsirowa inda komai ba ya tsirowa, ba ta tsoron fari, ƙudan zuma kuma suna son furenta. Irin duka biyun ana samunsa cikin sauƙi ta intanet.

Dakta Safiya:
Bashir, abin da ka faɗa a kan Hangari gaskiya ne, amma ka lura da abu biyu. Robinia tana fure ne na kimanin kwana goma zuwa mako biyu a wajen watan Mayu, wato kafin giɓin da muke magana a kansa, lokacin da abinci yake da yawa. Bishiyar girbin zuma ce, amma ba ta amsa tambayar Malam Haruna ba. Na biyu, asalinta gabashin Amurka ne, an kai ta Faransa a farkon ƙarni na 17, kuma a yau ƙasashen Turai da dama suna fama da ita, domin tana tsiro daga saiwa, in an sare ta sai ta fito a wuri goma, tana kuma ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin har ƙananan furannin da suka saba da ƙasa marar taki su ɓace.

Prosopis juliflora kuwa ina roƙon kowa ya nisance ta. An shuka ta da kyakkyawar niyya domin yaƙi da hamada, amma a yankin Baringo na Kenya da yankin Afar na Habasha ta mamaye makiyaya da bakin ruwa, dabbobi suna cin 'ya'yanta suna yaɗa irin, ƙayarta tana hana mutane da dabbobi shiga. Ga mai kiwon zuma ma asara ce, domin inda ta mamaye, itatuwa da ciyayi iri-iri da ke fure a lokuta daban-daban sukan koma iri ɗaya mai fure a lokaci ɗaya, giɓin sai ya ƙara faɗi. Hatta Tetradium da Hajiya ta ambata, tsuntsaye suna yaɗa irinta, kuma a wasu sassan gabashin Amurka an fara sa mata ido. Kafin a kawo baƙuwar bishiya a duba jerin tsirrai masu mamaya na ƙasar da ake ciki, kuma shigo da iri daga wata ƙasa yana da dokar killace tsirrai da dole a bi. Ni dai zan fara da neman 'yar gida, domin kusan ko'ina akwai bishiyar wurin da ke fure a lokacin giɓi wadda aka sare ta ragu.

Alhaji Ɗanlami:
Na yarda da Dakta a kan baƙin itatuwa. Amma ko da 'yan gida ne, ban ga dalilin dagewa a kan iri ba. Reshen zogale in an kafa shi yana kamawa. Bishiyar da aka yi wa aure da reshen babbar uwa tana fure shekaru da yawa kafin wadda ta taso daga ƙwallo, domin reshen ya riga ya balaga, kuma an gwada wannan a kan kaɗanya da tsamiya da magarya an ga ya rage jira. Ban da haka, mai aure ka san abin da za ta haifa, ta iri kuwa sai abin da ka gani.

Hajiya Rabi:
Alhaji, wannan rashin tabbas da ka ambata aibi ne ga mai neman 'ya'yan itace iri ɗaya, amma ga mai neman fure alheri ne. Itatuwa hamsin da aka yanko daga uwa ɗaya bishiya guda ce aka maimaita, kusan tare za su buɗe, tare za su kaɗe, kuma cutar da ta iya da ɗaya ta iya da duka. Hamsin da suka taso daga iri kuwa, wata za ta riga da 'yan kwanaki, wata ta makara, sai lokacin furen ya miƙe, mu kuwa tsawon lokaci muke nema fiye da yawan fure a rana guda. Shi ya sa masana gandun daji suke ba da shawarar a tara iri daga iyaye da yawa, kamar 25 zuwa 30, masu tazara da juna, ba daga bishiya guda mai sauƙin hawa ba. Mai amya yana iya ƙara nasa zaɓin, ya sa alama a kan bishiyar da ke fure a ƙarshe bayan 'yan'uwanta sun gama, da wadda ya ji ta fi cika da gunjin ƙudan zuma, ya dawo lokacin nunar 'ya'ya ya ɗiba daga gare su.

Kuma aure ba ya kore iri, domin gindin da ake ɗaura wa reshen daga iri yake tasowa. Wanda ya raini ɗari yana iya yi wa ashirin aure domin sauri ya bar tamanin yadda suke. Akwai wata fa'idar da ba a cika faɗa ba, wato dashen da ka raina da hannunka ka san abin da aka zuba masa. Wasu magungunan ƙwari suna shiga jikin tsiro ne har su kai ga ruwan fure da garinsa, kuma saboda illarsu ga ƙudan zuma ne Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili a 2018.

Malam Haruna:
Ina so in ƙara abu ɗaya a kan zaɓi, domin ba kowace bishiya mai cika da ƙudan zuma ce ke ba da abu iri ɗaya ba. Bagaruwa tana fure da damina kuma tana da garin fure mai yawa, amma ruwan zaƙinta kaɗan ne, ɗakwara kuwa tana ba da ruwan zaƙi. Magarya da kurna suna fure daga ƙarshen damina, furen ƙanƙane ne ba ya ɗaukar ido, amma daga kurna ake samun shahararriyar zumar Hadramaut ta ƙasar Yaman. Gawo yana yin akasin sauran itatuwa, yana zubar da ganye da damina, ya yi tofo ya kuma yi fure a farkon rani, lokacin da ciyawa ta bushe. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A tsaya a gindin bishiya da safe a duba, ƙudar da ke birgima a kan fure tana tara dunƙule a ƙafafun baya gari take ɗiba, wadda ke tura baki cikin fure ta tsaya kuwa ruwan zaƙi take sha. Amya tana bukatar duka biyun a cikin makonnin giɓi.

Bashir:
Na fahimta, na kuma janye batun Prosopis. Baba Isuhu, idan tsiron ya fito, har yaushe zai zauna a leda kafin a kai shi fili?

Baba Isuhu:
Ɗana Bashir, kada ka duba tsawon ganye, ka duba saiwa. Itatuwan wurare masu fari suna tura uwar saiwa ƙasa da sauri fiye da yadda suke tashi sama, tsiron gawo da bai kai taƙi ba yana iya samun saiwar da ta ninka shi sau da yawa. In ta iske gindin leda sai ta naɗe, kuma saiwar da ta naɗe ba ta miƙewa bayan dashe, bishiyar za ta yi ta fama shekaru, ta kasa kaiwa ga danshi, iska ma tana iya tuge ta bayan ta girma. Saboda haka a nemi leda mai zurfi maimakon mai faɗi, a riƙa ɗaga ta kowane mako biyu ana datse saiwar da ta ɓullo ta ƙasa, kuma ga masu saurin girma kada zaman leda ya wuce wata uku ko huɗu. A lissafa shukar ta yadda dashen zai faɗo lokacin da ruwan sama ya zauna sosai. Mako biyu kafin dashe a rage musu inuwa da ruwa domin su saba da rana. Ranar dashe a yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, in akwai saiwar da ta naɗe a gindi a yanke wurin da wuƙa mai kaifi.

Bayan dashe, awaki da gobara da gara su ne ke cinye wahalar mutum. Dashe ashirin masu kariya da ban ruwa a rani biyu na farko sun fi ɗari biyu da aka bari a sake. A kewaye kowanne da ƙaya ko waya, a nome ciyawar da ke gindinsa kafin ta bushe, a shimfiɗa busasshen ganye a kewaye ba tare da ya taɓa jikin itacen ba.

Kaɗanya da gawo kuwa, inda za a iya kare su, na fi son a shuka su kai tsaye a inda za su zauna, domin saiwarsu ta tafi ƙasa ba tare da an taɓa ta ba. A sa ƙwaya uku a rami guda, a kafa turke don a gane wurin. Idan dukansu suka fito, bayan damina a bar mafi ƙarfi, sauran a yanke su a daidai ƙasa, kada a tuge su, domin tugewa tana girgiza saiwar wanda aka bari.